Jamestown ko Plymouth: Ta Wace Ƙofa Za Ka Shiga Tarihin Amurka na Farko?

Duk wanda ya ɗaura niyyar sanin yadda Amurka ta faro, ko ɗalibi ne da aka ce ya zaɓi maudu'in bincike, ko malami mai shirya darasi, ko matafiyin da ya sami ɗan sarari a gaɓar gabashin ƙasar, garuruwa biyu za a fara nuna masa: Jamestown da ke jihar Virginia, wanda aka kafa a 1607, da Plymouth da ke jihar Massachusetts, na 1620. Shekara 13 ce tsakaninsu. Dukansu Turawan Ingila ne suka kafa su, dukansu sun sha yunwa da mace-mace, kuma dukansu da masarar 'yan asalin ƙasar suka tsira da rayukansu. Amma Amurkar da za ka gani ta ƙofar Plymouth daban take da wadda za ka gani ta ƙofar Jamestown. In lokacinka bai kai na biyu ba, shawarata ka fara da Jamestown. Zan faɗi dalilaina, zan kuma faɗi wanda Plymouth ta fi dacewa da shi, don akwai shi.

Kafin nan, kada wani ya ce maka ɗaya daga cikin garuruwan nan shi ne mafarin tarihin ƙasar. Kusa da birnin St. Louis na yanzu, a tsallaken kogin Mississippi, akwai kufan wani birni da ake kira Cahokia. Ya yi tashe wajen shekara ta 1050 zuwa 1100, kusan zamanin da Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ya soma gina ganuwa. Masu bincike sun ƙiyasta mazaunansa tsakanin dubu 10 zuwa dubu 20. Sun tara tudun ƙasa kimanin 120 da kwanduna, babu jaki, babu doki, babu amalanke, kuma babban tudun tsayinsa ya kai mita 30. Kafin 1350 birnin ya watse. Ko a cikin Turawan ma, 'yan Sifaniya sun riga kowa: sun kafa St. Augustine a Florida tun 1565. Faransawa suka kafa Quebec a 1608. Don haka Jamestown da Plymouth mafarin mulkin Ingila ne kawai, wanda daga baya ya haifi ƙasar Amurka. Baƙi ne da suka sauka a ƙasar da ke da sarakunanta da gonakinta da rigingimunta.

Jamestown kasuwanci ne tun daga tushe. Wasu attajiran Landan ne suka haɗa jari suka kafa Kamfanin Virginia, Sarki James na Ɗaya ya ba su takardar izini a 1606. Jirage uku suka kawo maza da samari 104, babu mace ko ɗaya, suka sauka a watan Mayu na 1607 a wani ɗan tsibiri mai fadama a kogin James. Zinariya suke nema da hanyar ruwa da za ta ɓulle da su gabashin duniya. Sun zaɓi wurin ne don tsoron jiragen Sifaniya, ba su duba ruwan sha ba. Ruwan zartsi ne, ga sauro, ga atuni da zazzaɓi. Ƙari a kan haka, binciken da aka yi a kan zoben tsofaffin itatuwa ya nuna sun faɗo cikin farin da yankin bai ga irinsa ba cikin shekaru fiye da 700, daga 1606 zuwa 1612. Kafin Janairun 1608, mutum 38 suka rage.

Ƙasar da suka sauka kuwa tana da mai ita. Wahunsenacawh, wanda Turawa suka fi sani da Powhatan, yana mulkin ƙabilu kusan 30, jama'a wajen dubu 14, suna kai masa gaisuwar masara da fatu da jan ƙarfe a fadarsa ta Werowocomoco. Wannan shi ne abu na farko da ya sa nake fifita Jamestown: a nan za ka ga 'yan asalin ƙasa a matsayin masu iko, masu lissafin siyasa. Powhatan bai ji tsoron baƙin ba. Ya ga mutanen da ko noma ba su iya ba, amma suna da gatura da takubba da jan ƙarfe, sai ya yi niyyar mayar da su talakawansa. Idan ya ga dama ya aika musu da masara, idan suka yi masa tsaurin ido ya rufe rumbu. Ya ɗauka baƙo raɓa ne. Abin da bai sani ba shi ne kowane ɗari suka mutu, jirgi zai kawo wani ɗarin.

Hunturun 1609 zuwa 1610 shi ne mafi muni. Mayaƙan Powhatan suka yi wa sansanin ƙawanya, wanda ya leƙa waje bai cika dawowa ba. Aka ci dawakai, aka ci karnuka da ɓeraye da fatun takalma. Mutum 60 kacal suka ga bazara. An daɗe ana gardama kan rahoton cewa har naman mutum an ci, sai a 2012 masu haƙa suka tono ƙoƙon kan wata yarinya 'yar shekara 14 a ramin shara na sansanin, da sawun wuƙa a goshi da muƙamuƙi. Sawun farko a goshi marasa zurfi ne, jere da juna, irin na wanda hannunsa ke rawa. A Yunin 1610 waɗanda suka rage suka kwashe kayansu za su koma gida, sai suka yi kiciɓis da jiragen agaji a bakin kogi, aka juyo da su.

Abin da ya ceci garin ba zinariya ba ne, taba ce. John Rolfe ya soma gwada wani iri mai daɗin hayaƙi a 1612, kasuwar Landan ta karɓe shi hannu bibbiyu. Daga nan komai ya canza, kuma a nan ne mai karatu ya kamata ya dakata ya nutsu. Taba tana cinye ƙarfin ƙasa cikin 'yan shekaru, saboda haka kullum ana neman sabon fili, filin kuwa na mutanen Powhatan ne. Taba tana son hannu da yawa, daga dashe zuwa tsince tsutsa zuwa shanya, saboda haka kullum ana neman ma'aikata. Kamfanin ya yi doka: duk wanda ya biya wa mutum kuɗin jirgi, za a ba shi eka 50. Sai masu kuɗi suka riƙa kwaso talakawan Ingila a kan yarjejeniyar yi musu bauta shekara huɗu zuwa bakwai. Da yawa ba su kai ƙarshen wa'adin da rai ba. Fiye da mutum dubu shida aka kawo daga 1607 zuwa 1624, amma ƙidayar 1625 ta tarar da kimanin 1,200.

Shekarar 1619 ita kaɗai ta isa maudu'in bincike. A ranar 30 ga Yuli, wakilan da aka zaɓa suka zauna a cocin Jamestown, majalisa ta farko irinta a yankunan Ingila na Amurka. Bayan 'yan makonni, a ƙarshen Agusta, wani jirgin 'yan fashin teku mai suna White Lion ya tsaya a Point Comfort da 'yan Afirka ashirin da 'yan kai, ya yi musayarsu da abinci. An kamo su ne daga yankin Ndongo a Angola ta yau, 'yan Fotugal suka loda su za su kai Meziko, aka tare jirgin a hanya. Majalisar zaɓaɓɓu da cinikin mutane, wata ɗaya tsakani, a kogi ɗaya. Ban san wani wuri da ya nuna fuskokin Amurka biyu a fili kamar wannan ba.

Kuma a Virginia za ka iya bin sawun yadda aka gina bauta da dokoki, ɗaya bayan ɗaya. Da farko al'amarin bai gama ƙanƙancewa ba: wani ɗan Afirka, Anthony Johnson, ya sami 'yanci har ya mallaki eka 250 a 1651. Amma a 1640 kotu ta riga ta yanke wa wani ɗan Afirka, John Punch, bautar rai-da-rai saboda ya gudu, alhali Turawa biyun da suka gudu tare da shi 'yan shekaru kawai aka ƙara musu. A 1662 aka yi doka cewa ɗa yana bin matsayin uwarsa, wato ɗan baiwa bawa ne ko da ubangidan ne ya haife shi. A 1667 aka ce shiga Kiristanci ba ya 'yanta bawa. Bayan tawayen Nathaniel Bacon na 1676, wanda talakawan Turawa da bayi suka haɗa kai a cikinsa har suka ƙone Jamestown, masu gonaki suka ƙara karkata ga bayi daga Afirka, a 1705 kuma aka tattara dokokin bauta wuri guda. Da yawa daga waɗanda aka kawo Virginia a farkon ƙarni na 18 daga gaɓar kudu maso gabashin Najeriya ta yau aka loda su. A maƙwabciyarta Maryland kuma aka sayar da Ayuba Sulaiman Diallo, Bafulatanin Bundu da ke Senegal ta yau, ɗan gidan malamai, a 1731, aka sa shi aikin taba. Wasiƙar da ya rubuta wa mahaifinsa da Larabci ita ta zama sanadin 'yancinsa, ya koma gida a 1734. Mai karatu daga Afirka ta Yamma ba baƙo ba ne a wannan labarin.

To, Plymouth fa? Labarinta ya fi daɗin ji, kuma ba na raina shi. Wasu Kiristoci ne da suka ware daga Cocin Ingila, suka ƙi yarda sarki ya tsara musu ibada. Suka gudu Holan a 1608, suka zauna a Leiden, suka sha wahalar aikin masaƙa, suka kuma ga 'ya'yansu na neman sajewa da mutanen gari. Sai suka ci bashi wajen 'yan kasuwar Landan suka shiga jirgin Mayflower, su 102, mata da maza da yara, kodayake da yawa daga fasinjojin ba 'yan cocin ba ne, neman arziki ya fito da su. Kwana 66 suka yi a teku. Wajen kogin Hudson suka nufa, iska ta kai su Cape Cod a Nuwamban 1620. Da yake sun fita daga yankin da takardarsu ta ba su izini, wasu suka fara cewa babu mai iko da su, sai maza 41 suka sa hannu a kan yarjejeniyar cewa za su kafa hukuma su kuma bi dokokinta. Hunturun farko ya kashe kusan rabinsu. Cikin matan aure 18, huɗu kaɗai suka kai lokacin girbi.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne inda suka gina garin. Kufai ne. Ƙauyen Patuxet na mutanen Wampanoag ke wurin, annobar da jiragen Turawa suka kawo tsakanin 1616 da 1619 ta share shi. Baƙin suka tarar da gonaki a share da ƙasusuwa a warwatse. Tisquantum, wanda ya koya musu shuka masara da kifi a matsayin taki, ɗan wannan ƙauyen ne. Wani kyaftin mai suna Thomas Hunt ya sace shi a 1614 ya kai shi Malaga don sayarwa, ya kuɓuta ya isa Landan, ya koyi Turanci, ya dawo a 1619 ya tarar da danginsa duk sun mutu. Sarkin Wampanoag, Ousamequin, wanda aka fi sani da Massasoit, ya ƙulla amana da baƙin a Maris na 1621 saboda annoba ta karya shi, ga maƙwabtansa Narragansett da cutar ba ta taɓa ba suna neman haɗiye shi. Walimar kaka ta 1621 da ake ta maganarta, ɗan taƙaitaccen bayani ne a wasiƙar Edward Winslow: kwana uku, mutanen Massasoit wajen 90, barewa biyar da suka kawo. Daga waɗannan 'yan layuka aka gina bikin godiya da dukan Amurka ke yi a Nuwamba.

Amanar ta kai shekara 50 da 'yan kai, wannan kuwa abin a yaba ne idan aka kwatanta da Virginia, inda a ranar 22 ga Maris 1622 Opechancanough, ɗan'uwan Powhatan, ya kai farmaki ya kashe Turawa 347, su kuma suka shiga ƙone gonaki da ƙauyuka shekara da shekaru. Amma ƙarshen duka ɗaya ne. A 1675 ɗan Massasoit, Metacom, ya ga filaye na ta zarewa, shanu da aladun baƙi na cinye gonaki, kotunan baƙi na yanke wa mutanensa hukunci, sai yaƙi ya ɓarke. Aka ƙone garuruwan Turawa wajen 12, aka kashe dubban 'yan ƙasa. A Agustan 1676 aka harbe Metacom, aka tsire kansa a Plymouth, aka sayar da ɗansa bawa zuwa ƙetare. Jikan mutumin da ya ciyar da su ke nan. Littattafan yara sukan tsaya a walimar 1621. Wanda ya zaɓi Plymouth dole ya ci gaba har 1676, in ba haka ba rabin labari ya ji.

Me ya sa Plymouth ta fi suna, alhali ƙaramin gari ne da bai taɓa yin ƙarfi ba, wanda Massachusetts ta haɗiye a 1691? Domin masu alƙalami a arewa suke. Harvard tun 1636 take, maɗaba'a ta farko a can aka kafa ta, malaman tarihi da masu rubuta littattafan makaranta 'yan can ne. Sannan aka yi yaƙin basasa, Virginia tana ɓangaren masu bayi da aka ci da yaƙi, kuma a tsakiyar yaƙin ne, a 1863, Shugaba Lincoln ya mayar da ranar godiya ta ƙasa baki ɗaya. Ƙasa ta fi son ta ce kakanninta masu gudun hijira ne don addini a kan ta ce 'yan kamfanin taba ne. Ko dutsen nan da ake cewa a kansa suka fara sa ƙafa, babu wanda ya ambace shi cikin waɗanda suka sauka. Sai a 1741 wani dattijo ɗan shekara 94 ya nuna shi. Arewar ma hannunta ba a wanke yake ba: Massachusetts ta halatta bauta a dokokinta na 1641, kuma tun 1638 jirginsu ya kai fursunonin yaƙi na ƙabilar Pequot tsibiran Karibiyan ya dawo da 'yan Afirka.

Ta fuskar kayan aiki, ɗalibi zai fi samun sauƙi a Plymouth. Gwamnansu William Bradford ya rubuta tarihin garin da hannunsa, a tsare, cikin natsuwa, har da sunayen fasinjoji da abin da ya sami kowannensu. Sai dai murya ɗaya ce ke jan ka. A Jamestown shaidu faɗa suke da juna. Cikin shugabannin garin na farko, John Smith yana wasa kansa, George Percy yana ƙaryata shi, kamfani yana ɓoye adadin matattu don kada masu hannun jari su tsere. Ɗauki labarin Pocahontas, 'yar Powhatan. Smith ya ce ta faɗa kansa ta hana a kashe shi a 1607, amma a bayaninsa na 1608 babu wannan, sai a 1624 ya buga shi, bayan ta rasu. A lokacin yarinya ce 'yar shekara 10 ko 11. Abin da ya tabbata shi ne an sace ta a 1613, aka aurar da ita ga Rolfe a 1614, aka kai ta Ingila don tallata kamfani, ta rasu a Gravesend a 1617. Wanda ya zauna ya tantance wa ya faɗi me, yaushe, don me, ya koyi sana'ar tarihi ta gaske. Ga kuma ƙasa da ke ba da tata shaidar: an daɗe ana zaton kogi ya cinye sansanin farko, sai William Kelso ya fara haƙa a 1994 ya gano shi, kuma daga lokacin an tono kayayyaki miliyoyi.

Plymouth ta fi dacewa da kai idan abin da ke ranka shi ne addini da mulki: yadda jama'a ke yin hijira don aƙida, yadda suke tsara gari a kan coci da taron magidanta, da yadda waɗanda aka tsananta wa suke juyowa su tsananta wa wasu, kamar korar wani malamin coci, Roger Williams, da Massachusetts ta yi a 1635. Haka nan idan harshe ne sha'awarka. A 1663 aka buga Littafi Mai Tsarki da harshen mutanen yankin, su kuma suka koyi rubuta wasiyya da takardun fili da harshensu. Waɗannan takardu ne Jessie Little Doe Baird da jama'arta suka dogara da su tun 1993 wajen farfaɗo da harshen Wampanoag bayan ya yi sama da ƙarni babu mai magana da shi. Malamin ƙananan yara ma zai fi jin daɗin Plymouth, don akwai iyalai da yara a ciki. Amma mai neman sanin inda arzikin ƙasar ya fito, inda matsalar launin fata ta samo asali, da yadda aka raba 'yan ƙasa da filayensu, Jamestown ce makarantarsa.

Ga mai ziyara, Plymouth tana kudu da Boston da kimanin kilomita 65. Akwai gidan tarihi na Plimoth Patuxet inda aka sake gina ƙauyen Turawa da gidajen Wampanoag, da kwafin jirgin Mayflower a bakin ruwa. Yini ɗaya ya isa. In ka dace da ranar godiya, a kan tudun da ke kallon dutsen za ka ga 'yan asalin ƙasa suna taron makoki, abin da suke yi duk shekara tun 1970. Jamestown kuwa tafiyar kamar awa uku ce a mota daga Washington, kuma wurare biyu ne, kada ka rikita su. Ɗaya gidan tarihi ne na jiha mai kwafin jiragen uku. Ɗayan shi ne tsibirin kansa, inda ake haƙar, inda za ka tsaya a kan harsashin cocin da aka ɗaura auren Pocahontas. In ɗaya za ka iya, je tsibirin. Kusa da nan akwai Williamsburg, inda aka mayar da fadar mulki a 1699, da Yorktown, inda gidan tarihi ke da zanen fuskar Ayuba Sulaiman, da Fort Monroe, wato Point Comfort ta dā. Ƙabilun Pamunkey da Mattaponi na tsohuwar daular Powhatan suna nan a filayensu a yankin, kuma kowane Nuwamba suna kai wa gwamnan Virginia barewa a Richmond, bisa yarjejeniyar 1677. Wannan zagayen yana bukatar kwana biyu ko uku, don haka ka tsara masauki a Williamsburg, daga nan ko'ina kusa ne.